Lungun da Ake Kashe Babur Saboda Malam Isiyaku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba wanda ya zo ya gaya mini rasuwar Malam Isiyaku da baki. Ina zaune a zaurena da hantsi, ranar Talatar da ta wuce, sai na ji babur ya shigo lungunmu da ƙararsa, bai tsaya a bakin kwalbati ba, ya zarce har ƙofar gidan Malam. Shekaru ke nan rabon da a yi haka. Duk ɗan acaɓan da ya san unguwarmu a Birnin Gwari ya san in ya iso kwalbatin nan zai kashe inji ya tura babur da hannu, domin Malam Isiyaku ba ya jure wa ƙarar. Da na ji wannan bai kashe ba, wani kuma ya biyo bayansa, sai na ajiye kofin da ke hannuna. Na san babu sauran wanda za a firgita a gidan. Ina laluben takalmina aka aiko daga wurin 'yarsa Hauwa'u a kira ni. Hawan jini ne ya kwantar da shi 'yan kwanaki, ya cika da kalmar shahada a bakinsa.

Tare muka yi kwalejin horon malamai a Zariya, zamanin da muke tsammanin alli da allo za su gyara ƙasar nan. Ni na ɗauki lissafi da Turanci, shi Larabci da addini, ga haddar Alƙur'ani da ya zo da ita tun daga gida. Na kai ga zama hedimasta, na yi ritaya, na zauna ina kallon makarantun da muka gina suna komawa makwancin awaki da sansanin 'yan gudun hijira. Na tsufa da ɗacin rai, ba na ɓoyewa. Shi kuwa Malam ya ƙi barin aji. Ya zaɓi wata firamare a wani ƙauye da ke wajen Kakangi, inda babu malamin da ke son zuwa, ya zauna can, sai ƙarshen mako ya dawo gida. Ban taɓa ganin bulala a hannunsa ba. In yaro ya kasa karatu, cewa yake yi ranarsa ce ba ta zo ba tukuna. In uba ya janye ɗansa zuwa gona, Malam kan ɗauki fartanya ya je ya taya shi noma, suna kan kunya ɗaya yana yi masa magana, har uban ya ji nauyi ya saki yaron. Idan na fara mitar gwamnati kuwa, sai ya yi dariya ya ce, "Hedimasta, kai ko zuma aka zuba maka a baki, sai ka tambayi wanda ya ci kwangilarta."

A wata damina 'yan bindiga suka faɗo wa ƙauyen a kan babura. Suka tare shi a hanyar gona tare da wasu mutane, suka shige da su daji. Bai fito ba sai da dawa ta fara nuna. Yadda aka karɓo shi, kowa a ƙasar nan ya san yadda ake yi, ba sai na faɗa ba. Abin da zan faɗa shi ne, yayansa Alhaji Bawa ne ya tsaya a kan lamarin, shi ya je har bakin daji ya ɗauko shi. A cikin waɗanda aka tafi da su akwai waɗanda ba su dawo ba, kuma a gaban idon Malam aka yi musu abin da aka yi.

Da farko kamar lafiya lau. An zo barka, an yi addu'a, ya amsa wa kowa. Sai barci ya ƙaurace masa. Abinci ya ƙi shiga. Matarsa Hajara ta ce yakan wuni yana fuskantar bango, hawaye na zuba, in an tambaye shi ya ce ba komai. Ana nan, ran nan limamin masallacin unguwarmu ya yi tafiya, aka gabatar da Malam ya ja sallar la'asar, don shi ne na'ibi. Muna raka'a ta biyu wasu samari 'yan rakiyar biki suka wuce ta bayan masallaci a kan babura, suna ta murza su. Malam ya saki sallar. Ya keto sahu, ya ture ni, ya fita da gudu ba takalmi. A cikin tarin karan dawa muka same shi, ya dunƙule, yana roƙon kada a harbi yaran makaranta.

Kafin magariba garin ya gama yanke masa hukunci. Wasu suka ce raunin imani ne, ya kasa karɓar ƙaddara. Wani mai wa'azi ya hau lasifika, bai ambaci suna ba, ya ce wanda ya san a gaban Wa yake tsaye ba ya jin ƙarar babur. Na san mai wa'azin nan. Bai taɓa kwana a daji ba, kuma in zai je Kaduna sai ya jira ayarin da sojoji ke rakawa. Masu gyaɗa masa kai kuwa, yawancinsu sun bar gonakinsu sun zama jeji saboda wannan ƙarar da suke yi wa Malam gori a kanta. Mutumin da ya koya wa 'ya'yansu alwala, shi aka mayar abin misali na ƙarancin tawakkali. Aka janye na'ibancin a hankali, ba wanda ya zo ya gaya masa.

Wasu kuma suka ce aljanun daji ne suka biyo shi. Wannan ce maganar da Alhaji Bawa ya riƙe, kuma yana da dalilinsa. A lokacin Hauwa'u na da manemi, yaron kirki ɗan gidan mutunci, an kawo gaisuwa, saura bincike. Wanda ya tashi a nan ya san abin da ake tambaya in an zo binciken aure. Ana tambayar asali da hali, sannan a sassauta murya a tambayi ko akwai ciwon gado a gidan, kuturta ko farfaɗiya ko taɓin hankali. A wurin mutanenmu aljani baƙo ne, ya shiga ya fita, ba ya taɓa jini. Amma wanda ya taka asibitin masu taɓin hankali ya shafa wa zuriyarsa duka, har jikokin da ba a haifa ba. Na je na sami Alhaji Bawa a rumfarsa ta kasuwa, na ce masa a kai Malam wurin likita. Ya bari har masu ciniki suka watse, sannan ya dube ni ya ce, "Hedimasta, ni ma na san ba aljani ba ne. Amma aljani ba ya hana aure."

Na daɗe ina juya wannan magana. Ita ce gaskiyar da ke ƙarƙashin yawancin gardamar da muke yi a kan wannan ciwo. Ba jahilci ne kaɗai ba. Mutane da yawa sun sani, tsoron bakin dangi ne ya fi ƙarfinsu.

Aka kai Malam gidan wani mai ruƙiyya a bayan gari. Ba ni da ja da karatun Alƙur'ani a kan marar lafiya, shi ma Malam ba shi da shi. Amma abin da na tarar da na je duba shi ba karatu ba ne kawai. An sa masa mari a ƙafa, an rufe shi da hayaƙi, ga sawun tsumagiya a bayansa, wai aljanin ake duka. Ina nan mai ruƙiyyar ya zo ya fara karatu a kansa. Malam na kwance, ido a rufe, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Gafarta Malam, ka tsallake aya." Ya kuwa karanto masa ita. Mutumin ya juyo ya ce mini in gani da idona, aljanin malami ne. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Da muka keɓe, Malam ya nuna mini marin ya ce, "A daji an ɗaure ni, a nan ma an ɗaure ni. Can dai ba su ce don Allah suke yi ba." Sannan ya ce hankalinsa bai bar shi ba, ya san ni, ya san kansa, ya san Ubangijinsa. Wani abu ne ya karye a cikinsa, kamar yadda ƙashi ke karyewa, yana so a kai shi inda ake ɗorin irinsa. Ya ce da ƙafa ce ta karye masa a dajin nan, da yanzu gidansa ya cika da masu kawo kaji da sannu.

Shi ya yanke shawarar zuwa Kaduna, Hajara da Hauwa'u suka goyi bayansa, ni na raka shi. Wanda ya san hanyar nan ya san abin da ake nufi. Dajin da aka tsare shi a ciki, shi motarmu ta ratsa. Ya ja rawaninsa ya rufe fuska, ya riƙe wuyan hannuna, yana karatu a hankali, bai saki ba sai da muka ga gidajen gari. Na taɓa ganin jarumta a rayuwata, amma ban ga wadda ta kai ta wannan tafiya ba, kuma wanda ake cewa ba shi da tawakkali ne ya yi ta.

Likitar da ta duba shi yarinya ce sa'ar 'ya'yanmu. Ta bar shi ya yi magana har ya gaji. Ta ce ciwo ne sananne, yana kama wanda ya ga tashin hankalin da ya fi ƙarfin zuciya, har sojoji yana kamawa, kuma ba ya tambayar mutum yawan nafilarsa. Ta ba shi magani, ta sa masa ranar dawowa. Ba zan ce ya warke sarai ba. Barci ya dawo, ya koma cin abinci, ya koma zolayata. Ƙarar babur ce ba ta taɓa sakinsa ba har ya koma ga Allah. Addu'a kuwa bai rage ko ɗaya ba. In an tambaye shi yakan ce, "Ina haɗiye ƙwayata da bismillah, in bi ta da Ayatul Kursiyyu. Har yau ban ji sun yi faɗa a cikina ba."

Sai ranar bincike ta zo. Alhaji Bawa ya riga ya shirya abin da za a faɗa: iska ce ta taɓa Malam, an yi ruƙiyya ta fita, zuwa Kaduna kuwa na hawan jini ne. Kafin baƙi su iso, Malam ya kira Hauwa'u ɗakinsa. Ita ta gaya mini daga baya cewa ya ce mata aurenta ne, in ta ce ya yi shiru zai yi shiru, ya nemi gafarar Allah. Ta yi kuka, ta ce masa ya yi abin da zai iya tsayawa a kansa gaban Allah.

Ina zaure aka yi. Baffan yaron, dattijo mai natsuwa, ya yi ta kewaye-kewaye yadda aka saba, daga damina zuwa tsadar taki, kafin ya ce sun ji Malam ya ɗan yi fama, yaya ƙarfin jiki. Alhaji Bawa ya karɓe, ya faɗi abin da ya shirya. Baƙon ya ce ai iska ba ta bar kowa ba, Allah Ya tsare. Da an tsaya nan da an sa rana. Sai Malam ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin maganinsa ya ajiye a kan tabarma. Ya ce wa baƙon, "Alhaji, ba aljani ba ne. Ciwo ne a kai, a daji na samo shi, a asibitin masu taɓin hankali ake duba ni. Ba gadonsa na yi ba, amma ba zan tilasta muku ku yarda ba. 'Yata lafiyarta ƙalau. Ku je ku yi shawara da abin da yake gaskiya."

Ba a jima ba tsofaffin mata suka zo da saƙon cewa an yi istihara ba ta yi kyau ba. Alhaji Bawa ya ɗauke ƙafa daga gidan har tsawon lokaci. Labari ya bazu, manema suka janye. Sa'o'in Hauwa'u suna goye da 'ya'ya, ita tana koyarwa a Islamiyya tana dawowa gidan ubanta. Kada wani ya karanta wannan ya zaci gaskiyar Malam ba ta ci kowa ba. Ta ci 'yarsa shekarun ƙuruciyarta, kuma ya san haka. Na taɓa tambayarsa ko yana nadama. Ya ce duk ranar da ya ga ta wuce da allon yara a hannu sai zuciyarsa ta yi nauyi. Amma ya ce, "In na ce aljani ne, gobe ɗan wani ya fito daga daji, mari za a sa masa, a ce ai haka aka yi wa Malam Isiyaku ya warke."

Abin da ya biyo baya, garin bai taɓa faɗarsa a fili ba. Mutane suka fara zuwa zaurensa ɗaya-ɗaya, wai tambayar addini ta kawo su. Sai an gama maganar sujadar rafkanuwa, sannan mutum ya matso ya ce ɗansa ba ya barci tun da aka kai hari, ko matarsa ta daina magana tun da aka sako ta. Manoma daga Damari, zawarawa daga ƙauyukan da suka watse. Har maƙwabcinmu Danladi, Bagwari Kirista, wanda matarsa ke fama da ciwon, aka yi ta gaya mata a wurin ibadarsu cewa azumi da addu'arta ne suka gaza. Ashe ciwon ɗaya ne, gorin ma ɗaya ne. Malam bai taɓa yi wa kowa wa'azi ba. Yakan ce ranar kaza zai koma ganin likita, mai so ya zo tasha su tafi tare. Haka ya yi ta ratsa dajin nan, fuska a rufe da rawani, da ɗan wani ko matar wani a gefensa. A cikin masu zuwan na ga baffan yaron nan da ya nemi Hauwa'u ya kawo ƙaninsa. Malam ya raka su har gaban likita. Maganar aure kuwa bai dawo da ita ba, Malam ma bai tayar ba.

Wani ɗan acaɓa da aka kai mahaifiyarsa ta samu sauƙi, shi ya fara kashe babur a bakin kwalbati. Sauran suka bi, ba wanda ya sa doka. Limanci dai ba a sake ba shi ba. A ƙarshen sahu yake tsayawa, kusa da ƙofa, don in abin ya taso masa kada ya ɓata wa kowa salla. Mahaddacin Alƙur'ani ke nan, a bayan waɗanda shi ya gyara wa Fatiha.

An yi jana'iza, sahu har kan titi. Na duba na ga fuskokin da na sani daga tasha, kowa ya sunkuyar da kai. A wurin zaman makoki kuwa sai na ji tsohuwar magana ta dawo, ana cewa Allah sarki, mutumin kirki, tun da iskokin daji suka taɓa shi. Ba a bari ƙasar kabarinsa ta bushe ba aka fara mayar masa da aljanin da ya kora da bakinsa.

Alhaji Bawa ya ja ni gefe. Ya tsufa ƙwarai a 'yan kwanakin nan. Ya ce ya ji zan yi rubutu a kan ƙaninsa. Ya ce akwai wani da ya fito neman Hauwa'u, baƙo ne daga wani gari, magabatansa za su zo bincike bayan arba'in, ba su san komai ba. Ya riƙe hannuna yana hawaye, ya ce don Allah in rubuta iska, ko in tsallake wurin gaba ɗaya, kada yarinyar nan ta sake rasawa. Mutumin da ya je bakin daji ya ɗauko ɗan'uwansa ba a yi masa tsawa.

Na tsaya a bakin ƙofar cikin gida na sa aka kira mini Hauwa'u, na gaya mata roƙon baffanta, na ce yadda ta ce haka zan yi. Ta ce, "Baba, shi mai neman nawa tun ranar farko na gaya masa, bai gudu ba. Saura magabatansa. Ka rubuta yadda mahaifina ya faɗa a zaure. In sun zo binciken, a miƙa musu su karanta. Ba zan shiga gidan da sai an yi wa ubana ƙarya za a karɓe ni ba."

To, ga shi na rubuta. Alhaji Bawa, ka yafe mini. Ku kuma magabatan da za ku zo, ga abin da kuke nema: uban yarinyar nan ya yi ciwon ƙwaƙwalwa, ya sha magani, ya mutu bai bar salla ba. In wannan aibi ne a wurinku, ku faɗa da bakinku, kada ku jingina wa istihara.

Ranar sadakar uku ina zaune a zaure, na ji babur ya iso kwalbati, inji ya mutu, na ji ana turowa. Magidanci ne, da furfura a gemunsa. Na ce masa ai Malam ya tafi, ba sai ya wahalar da kansa ba. Ya share zufa ya ce, "Baba, ai ba shi kaɗai ba ne a lungun nan."

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya gafarta masa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah Ya ba shi a kabarinsa barcin da aka hana shi a duniya, Ya tashe shi a sahun gaba. Allah Ya ba Hajara haƙurin rashi, Ya sanyaya zuciyar Alhaji Bawa, Ya saka masa da alheri a kan zumuncin da ya riƙe. Allah Ya ba Hauwa'u gidan da za a san darajar wanda ya haife ta. Waɗanda ke fama da wannan ciwo a ɓoye a ɗakunan garin nan, Allah Ya ba su lafiya, Ya ba danginsu ƙarfin zuciyar kai su inda magani yake. Waɗanda ke daji har yanzu, Allah Ya kuɓutar da su. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.